Na samu aikin ƙarfe na galari a Victoria Island, ku ba ni shawara kafin in sayi kaya

MaiWalda_Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sana'ar ƙarfe da injiniyoyin da ke nan ku taimaka min da shawara. Ni aikina get ne da tagogi da ƙafar tankin ruwa, nan Agege nake. To wata madam ce mai zane-zane, ta ce a Yabatech, kwalejin fasaha ta Yaba, ta yi karatu, ta zo shago da wani samfuri da ta haɗa da kwali da gam, wai so take a yi mata babbansa da ƙarfe za ta nuna a wani galari a Victoria Island. Abin ba mutum ba ne ba dabba ba, alwatika ce kawai a jere kan alwatika har ya tashi sama yana ɗan karkacewa, tsayinsa zai kai kusan mita 4. Gunduwa-gunduwa ne, iri biyu, akwai mai fuska huɗu guda 80 akwai mai fuska takwas guda 40, kowane gefe santimita 60, sannan wasu fuskokin za a rufe su da fileti wasu a bar su a buɗe, ta ce waɗanda za a rufe za su kai 200.

Tambayata uku ne. Na ɗaya in yi da sukwaya fayif ɗin nan mai inci ɗaya da muka saba ko in nemi alminiyom. Na biyu in walde shi gaba ɗaya a shago a ɗauka a kai, ko noti zan sa. Na uku ya ake kai irin wannan kaya Island ba tare da ya lanƙwashe a hanya ba. Ta ba ni sati shida kuma har yanzu ban faɗa mata kuɗi ba saboda wlh ban san ta ina zan fara lissafin ba. Nagode.

Baba Idi-Araba:

Wa alaikumussalam. Yarona kafin ka taɓa ƙarfe ɗauki tef ɗinka ka hau mota ka je galarin nan da ƙafarka. Ka auna get, ka auna ƙofa, ka ga ko a ƙasa za a ajiye ko a bene, in bene ne ka auna faɗin matakala da inda take yin kwana. Da yawan galarin da ke Ikoyi da VI, wato Victoria Island, gidajen zama ne aka mayar, ƙofarsu irin ta gida ce, santimita 90 a faɗi mita 2 da ɗan abu a tsayi, in ka cire firam ma ba ta kai ba. Abu mai mita 4 ta ina zai shiga? Saboda haka maganar ka walde shi gaba ɗaya ka ma cire ta daga ranka. Kowace gunduwa ka walde ta a shago, haɗa su kuma da noti a can.

Sai abu na biyu wanda shi ne aikin ma gaba ɗaya. Kar ka yarda ka ce za ka riƙa aunawa da tef kana yanka ɗaya-ɗaya kamar yadda muke yi a get. A get in ka yi kuskuren milimita 2 ba wanda zai gani, a nan kuwa milimita 2 a kowace gunduwa in ka jera goma ta zama santimita 2, ramin noti ba zai haɗu da ɗan'uwansa ba, kana can gaban mutane kana dukan aikin da guduma. Ka samu fileti mai kauri ka shimfiɗa a tebur mai lebul, ka walda 'yan guntayen angul a kai daidai inda kowane fayif zai kwanta, wannan jig ɗin shi zai fitar maka da duka 120 iri ɗaya. Wajen yanka ma ka ɗaure wani ƙarfe a matsayin birki yadda duk fayif ɗin da ka tura zai tsaya a wuri ɗaya. Ramukan noti su ma da jig, kuma ka huda su kafin walda. Ko kwana nawa jig ɗin zai ci maka ka ba shi.

Wajen walda kuma ka fara ɗiga-ɗiga a duk kusurwoyin tukuna, ka cire ka duba, sannan ka cika, kana yi kana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Fayif mai sirara zafi na janye shi, in ka tsaya wuri ɗaya ka cika za ka ga alwatikar ta murɗe. Kar ka bar wa yara wannan ɓangaren.

Alminiyom kuma ni ban ba ka shawara ba. Injin da kake da shi ba zai yi ba sai na argon, kuma hannun da bai saba ba huda shi kawai zai yi ta yi. Ka tsaya kan abin da ka sani.

Injiniya_Yaba:

Baba ya gama magana a kan jig, ba abin da zan ƙara. Amma bari in ɗan yi maka lissafi saboda ka ga inda matsalar take, don ba a walda take ba, a nauyi take.

Fayif mai milimita 25 da kaurin 1.5 yana da nauyin kilo 1.1 a kowace mita. Mai fuska huɗu tana da sanda 6, wato mita 3.6, kusan kilo 4 kenan. Mai fuska takwas sanda 12 gare ta, mita 7.2, kusan kilo 8. To 80 sau 4 da 40 sau 8, ka ga kilo 640 tun ba a sa fileti ba. Kowace alwatika mai gefe santimita 60 in ka yanke ta a fileti mai kaurin 1.5 za ta yi kusan kilo 1.8, guda 200 kilo 360 kenan. Ka tashi da tan ɗaya cif, ban da noti ban da fenti. Yanzu tambayar ita ce a kan fili nawa zai zauna. In ƙasansa murabba'in mita 3 ne to kowace mita tana ɗauke da sama da kilo 300. Dekin na gidan zama a ƙa'idar Ingila da yawancin injiniyoyinmu suka yi amfani da ita, kilo 150 ake lissafa masa a kowace murabba'in mita, ofis 250, ɗakin da aka gina musamman don baje kaya 400. In a ƙasa ne a kan kankare ba damuwa sosai, in a bene ne sai an kira injiniyan gini ya duba, kuma galarin ne ya kamata su kira shi su biya, ba kai ba.

Sai maganar sukwaya fayif, a nan zan ɗan saɓa da Baba, a yi min afuwa. Fuska biyu na mai fuska huɗu suna haɗuwa ne a digiri 70.5, na mai fuska takwas kuma a digiri 109.5, in ka tara su 180 kenan, shi ya sa suke kwanciya da juna ba gibi. Amma fayif ɗinka digiri 90 ne. Ma'ana in ka kwantar da gefe ɗaya daidai da fuska ɗaya, ɗayan gefen zai leƙo ko ya shige ciki, filetin ba zai kwanta ba, noti ma a karkace zai shiga. Da raun fayif ka yi wannan ciwon kan babu shi, sai ka walda 'yan kunnuwa na fulat ba a kusurwoyin inda noti zai bi.

Kuma akwai wata dabara da za ka kai wa madam ɗin. In ka yi duka gunduwoyin 120 kowacce da firam ɗinta, duk inda suka haɗu a tsakiya sanda huɗu ne za su kwanta a layi ɗaya, asarar ƙarfe ce kuma abin zai yi kauri ya rasa kyan samfurin kwalin. Alhali in ka yi masu fuska huɗu kaɗai, waɗanda tsininsu ke kallon sama, ka jera su kusurwa da kusurwa, ka ɗora na sama a kan tsinin uku na ƙasa, mai fuska takwas da kanta take fitowa a tsakaninsu ba sai ka ƙera ta ba, har da masu kallon ƙasan. Sai dai ka ƙara 'yan sanduna a baki-baki inda ya rage. Nauyin firam zai faɗo ƙasa da rabi, jig ɗaya kawai kake buƙata. Ba sabon abu ba ne, Alexander Graham Bell mai tarho da haka ya riƙa haɗa manyan filfilo da ake sakewa a iska tun farkon shekarun 1900, daga baya mai zanen gine-gine Buckminster Fuller ya yi rajistar tsarin a Amurka a 1961, yanzu har rufin manyan ɗakunan taro ana yi da shi. Kowane hawa zai ba ka santimita 49 a tsayi, hawa 8 ka kusa mita 4 ɗin.

Amma tunda ka ce yana karkacewa, ka kula da inda nauyin yake faɗowa. In ya fita daga kan gindinsa faɗuwa zai yi komai ƙarfin notin. Ka sa fileti mai kauri a ƙasa ko ka ɓoye nauyi a gunduwoyin hawa na farko.

Baba Idi-Araba:

Injiniya na ji lissafinka kuma gaskiya ne maganar digirin. Sai dai raun fayif ɗin nan da kake faɗa, a takarda yana da sauƙi, amma sanda uku su haɗu a tsini ɗaya kowacce sai an yi mata baki da giranda, ka san yawan bakin da zai yi? Ni da zan yi, ƙananan fileti zan sa a yanka min da leza iri ɗaya, in lanƙwasa su a digirin da ka faɗa, in matse bakin fayif ɗin a bais ya zama fulat in ɗaure a kai. Akwai masu injin leza a Legas yanzu, ka kai musu zane a filash su yanko maka ɗari biyu ba wanda ya fi wani. Madam ɗin ai tana da zanen a kwamfuta, ta bayar.

Injiniya_Yaba:

Hakan ma ya yi Baba, ya ma fi nawa sauƙi. Kawai ya yi gwaji da guda huɗu tukuna, uku a ƙasa ɗaya a sama, ya hau kai ya yi tsalle ya gani.

Abu Sumayya:

Ni tambaya ce da ni ba shawara ba, wai wannan ba ya cikin mutum-mutumi da malamai suke hanawa? Kar a je garin neman halak a ɗebo wani abu.

MaiWalda_Agege:

Malam ai na faɗa a sama, ba siffar wani abu mai rai a ciki ko kaɗan. Maganar da na sani malamai suna yi a kan mai rai ne. Wannan da zanen da ake yi a bangon gidajen Zariya da Kano ko aska takwas na babbar riga duk tafiyarsu ɗaya, layi ne da kusurwa. Hasali ma madam ɗin da ta ga Dagin Arewa da na yi a wani get shi ya sa ta tsaya a shagona. Amma zan ƙara tambayar limaminmu in sha Allah.

Anti Bilki:

Sannunku. Ni na yi aiki a galari nan Ikoyi, ɓangaren shirya baje koli, bari in faɗa maka abin da za ka tarar don masu ƙarfe sun yi maganar ƙarfe amma ba su yi maganar mutanen gidan ba.

Ba za su bar ka ka kunna injin walda ko giranda a ciki ba, ko sun yarda ma kai kar ka yarda. Tartsatsin giranda in ya sauka a tayil ko gilashi yana kamawa ya bar ɗigo-ɗigo baƙi da ba ya goguwa, ga zanen wasu mutane a rataye a bango wanda ɗaya kawai zai iya fin kuɗin aikinka gaba ɗaya, in ya lalace wa zai biya? Duk abin da za ka yi a can ya zama da sifana ne kawai. Saboda haka ka haɗa shi gaba ɗaya a shago tun kafin fenti, daga ƙasa har sama, madam ta zo ta gani ta ce ya yi, ka ɗauki hoto ta kowane ɓangare, ka buga wa kowace gunduwa lamba a wurin da ido ba zai gani ba, hawa na ɗaya A1 A2 haka, sannan ka kwance. Lambar da fonc za ka buga ta, wato ƙarfen buga lamba, ba da alƙalamin maka ba, fenti zai rufe maka. Ranar haɗawa yawanci kwana ɗaya ko biyu za su ba ka kuma ba kai kaɗai ba ne a ɗakin, ga masu rataye zane ga mai wuta ga mai fentin bango kowa na sauri.

Silin ɗin da za ka gani fes ɗin nan POP ne, ko fanka ba ya ɗauka sai an kamo dekin, kar wani ya ce maka a rataya cen bulok, sarƙar ɗaga kaya, a jiki. Ka zo da sikafol ɗinka mai taya, ka sa filawud a ƙarƙashin tayoyin. Gindin aikin ma ka sa masa roba ko filawud, ƙarfe kai tsaye a kan tayil fasa shi yake yi. Kuma ka tambaya tun yanzu ko sun yarda a huda ƙasa a sa anko, yawanci haya suke yi ba za su yarda ba, ka ga sai maganar Injiniya ta nauyi a gindi.

Sai mutane. Daren buɗewa ɗakin cika yake, kowa da kofi a hannu yana ja da baya zai ɗauki hoto, wani ya jingina, yara kuma da sun ga abu mai kama da tsani hawa za su yi ko an rubuta kar a taɓa. Duk tsinin da yake daidai fuskar mutum ko ta yaro ka goge shi ya yi laushi, bakin filetin ma ka bi shi da fayil. In hannunka zai iya girgiza shi to bai yi ba.

Fenti kuwa ka san iskar Island ba irin ta Agege ba ce, gishirin teku ne a cikinta ga laima, ƙarfen da ka goge da safe kafin washegari ya fara ja. Kar ka bari ya kwana tsirara, ka sa masa firaima ranar da ka goge. In kuɗin ya kai ku kai a yi masa foda kotin, wanda ake gasawa a oven wajen digiri 180 zuwa 200, ya fi jure gogayya a mota, amma ka sani in an yi shi an gama, ba walda kuma ba gyara, kuma yana cike ramin noti kaɗan don haka ramin ya ɗan fi notin faɗi. Ka kuma tambaye ta mai sheƙi take so ko mara sheƙi, saboda fitilar galari ba ta rufa asiri, duk inda giranda ta ci za a gani. Irin wannan aikin rabin kyansa inuwar da yake zubarwa a bango ne, za ka ga ta tsaya tana ta sa a juya fitila, kar ka ɗauka wulaƙanci ne.

Maganar kuɗi, ku rubuta a takarda. Kuɗin ƙerawa daban, kuɗin mota daban, haɗawa daban, kuma kwancewa daban, wannan na ƙarshen shi mutane suke mantawa, bayan wata ɗaya ko biyu a kira ka a ce zo ka kwashe ka ga ba wanda ya yi maganar wa zai biya. Kafin alƙalami ya isa ya sayi ƙarfe gaba ɗaya rana ɗaya, kuma ka rubuta cewa farashin da ka bayar na sati ɗaya ne, ka san yadda kasuwar Orile da Owode Onirin take, yau daban gobe daban. In ta canza zane bayan an fara, sabon lissafi ne, kuma za ta canza, duk haka suke.

Abu na ƙarshe, ka ce a sa sunan shagonka a takardar baje kolin. Ba abin kunya ba ne, manyan ma ba su kaɗai suke yi ba. El Anatsui, mai zane ɗan Ghana da ya shekara da shekaru a Nsukka, manyan ayyukansa na murfin kwalba da ake ɗinkewa da wayar tagulla ai mataimaka ne da yawa suke zama su haɗa su ɓangare-ɓangare, shi ya tsara yadda za a jera. Tunda aka fara ART X, baje kolin zane-zane na Legas, a 2016 masu neman wanda ya iya irin wannan aikin sun ƙaru a garin nan, kuma da baki suke tura wa juna.

Dogo mai Kanta:

Oga ni direba ne bangaren mota kawai zan fada. In kayi yadda injiniya yace masu fuska hudu zalla to motar Kanta daya ta isheka, amma karka jibga su haka kawai, ka nade kusurwoyin da kwali ko tsohon bargo ka daure da igiyar ratchet ba waya ba, ramukan hanyar Agege zuwa Oshodi kadai sun isa su kankare maka fenti. Filetin kuma karka daura su a jiki, ka jera su daban da kwali a tsakani a can ka daura. Ka fito da asuba kana idar da sallah, ka hau Third Mainland kafin gosulo ya hadu, gadar nan kusan kilomita 12 ce in ya rike ka a kai rana ta fito ko ruwa ya sauko ka shiga uku, tampol dole ko da rani ne. Daga nan Ikoyi ka tsallaka ta Falomo ka shiga VI. Takardun mota su cika, ka rike wasika daga galarin mai dauke da adireshi da bayanin kayan saboda duk wanda ya gani zai tambaya menene wannan, kuma ka ware dan canji na yan agbero a lissafinka. Lahadi tafi dadin hanya amma ka tambaya tukuna wasu wuraren basa barin mota mai kaya ko leburori su shiga ranar lahadi.

MaiWalda_Agege:

Allah ya saka da alheri gaba ɗaya, Baba, Injiniya, Anti, Dogo. Na je na auna. A bene ne, hawa na ɗaya. Ƙofar ɗakin santimita 82 ce tsakanin firam, matakalar kuma tana da kwana biyu, gunduwa ɗaya-ɗaya za ta wuce ba matsala amma ba a haɗe ba. Silin mita 3 da santimita 60 ne kawai, wato mita 4 ɗin ma ba zai shiga ba, na faɗa wa madam ta yi shiru ta ce za ta rage hawa ɗaya. Maganar masu fuska huɗu zalla ta ce ta yarda in na nuna mata gwaji. Manajan wurin ya ce ba huda ƙasa, kuma da na yi maganar injiniyan gini sai ya ce wai an taɓa ajiye abin da ya fi wannan nauyi. Injiniya ya kake gani, in ci gaba?

Injiniya_Yaba:

Hawa 7 zai ba ka mita 3.43, in ka ƙara gindi da kaurin mahaɗai saura kaɗan ka taɓa silin, gunduwar ƙarshe kuma sai an ɗaga ta sama da inda za ta zauna kafin a sauke, ka auna wannan tazarar da kyau ko ku rage kowane gefe ya koma santimita 55. Maganar manaja kuma "an taɓa ajiyewa" ba lissafi ba ne. Ka ci gaba da jig da gwajin guda huɗun, ba abin da zai hana, amma kar ka sayi sauran ƙarfen sai sun kawo wanda zai duba dekin ya nuna maka a rubuce inda bim yake, wato kankaren da ke ɗauke da dekin, a kan bim ɗin ko kusa da fila za ka zaunar da shi ba tsakiyar ɗaki ba. Tunda bene ne kuma ga nauyin da za ka ƙara a gindi, filetin fuskokin ka mayar da su alminiyom, kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin ƙarfe, kilo 360 ɗin nan zai dawo wajen 125, kuma ba walda za ka yi musu ba balle Baba ya yi faɗa, ribit ne ko ƙananan noti. Sai dai ka sa wosha ta roba tsakaninsu da ƙarfen, alminiyom da ƙarfe in suna taɓa juna a iska mai gishiri alminiyom ɗin ne yake cinyewa. In ka haɗa guda huɗun ka ɗora su a sikeli ka turo mana nauyin da hoton mahaɗar a nan.